Ciki, Waje da Kan Iyaka: Nasiha ga Matasan Adar Masu Zanen Gyaran Ƙasa

Ƙannena maza da mata, ku da kuke karatu a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko makarantar aikin gona ta Kollo, ko EMIG a Yamai, da ku da kuka koyi kwamfuta da kanku a ɗakin wani aboki: in Allah ya sa kuka samu aiki a harkar farfaɗo da ƙasa a Madawa ko Buza ko Keita, tambayar farko da za a jefo muku gajera ce. Za a nuna muku wani faƙo a taswira, a ce, "Wannan fili ramin rabin wata nawa zai ci?" Ko ramin tassa nawa, ko dashe nawa za a ɗauko daga wurin renon itatuwa. A kan amsarku za a ƙidaya ma'aikata, a yanke kwanakin aiki, a ware kuɗi da irin ciyawa. Kwamfuta tana ba da wannan amsa kafin ƙiftawar ido, kuma ina so ku ƙware a kanta ƙwarewa ta gaske. Sai dai lambar da take fitarwa ta rataya ne kacokan a kan layi guda, layin iyaka, kuma wannan layi ku ne kuke ba ta shi. A kansa nake so mu zauna.

Ku fara sanin cewa an daɗe ana jera ramuka bisa ƙa'ida a ƙasar Adar. A 1984, shekarar da fari ya yi wa Nijar mugun kamu, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin hukumar PAM wanda da shi ake sallamar ma'aikata. Daga baya aikin ya miƙa har Buza da Abalak. An haƙa dogayen ramuka a jikin duwatsu don su tare ruwa, an ja kunyoyin ƙasa da dutse a kan tudu, an datse ƙoramu. Zuwa farkon shekarun 2000 an gyara fiye da hekta dubu 30, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma galibin hannuwan da suka riƙe diga suka ɗauki dutse na mata ne, don maza sun tafi cin rani. Tun kafin wannan, a 1975, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sun fara dasa dogonyaro layi bibbiyu a kwarin Majiya ta Buza, mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya ƙarfin iska. A 1989 kuma wasu manoman Ilela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramin shuka, suka dawo suka inganta tassarsu. Duk wannan da igiya da turaku aka zana shi, da tiyo mai haske cike da ruwa wanda ake ɗaura bakinsa biyu a jikin sanduna masu ma'auni. Mutum biyu suna tafe, na baya ya tsaya, na gaba yana matsa sandarsa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a lamba ɗaya a sandunan biyu, sai a kafa turke. Haka ake fitar da layin daidai, wanda ruwa ba ya gangarawa a kansa.

Abin da waɗannan iyaye namu suka yi da ƙafa, shi ne ainihin abin da ake kira zane mai bin ma'auni. Ba ka zana ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida kake kafawa, ita kuma ta haifi ramukan. Ɗauki rabin watan noma da aka saba a Nijar: faɗin bakinsa mita 4, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na kusa da shi a kan layin daidai mita 8, tsakanin jeri da jeri mita 4, kuma ana saɓa su, ta yadda ruwan da ya wuce tsakanin biyu na sama zai faɗa bakin na ƙasa. Kowane ɗaya ya ci murabba'in mita 32 ke nan. Raba 10,000 da 32, ka samu 313 ɗin nan da kowane ma'aikacin gyaran ƙasa ya haddace. Idan aka sa wannan ƙa'ida a manhaja irin Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙira aka fara fitar da ita a 2007, tana aiki a cikin Rhino na kamfanin McNeel da ke Seattle ta Amurka, to in an ce a mai da tazarar mita 5, lamba ɗaya za ka taɓa, dubban ɗigo su sake jeri nan take.

Matakin da ya shafe mu shi ne tacewa. Manhajar tana shimfiɗa ɗigogi a kan babban fili mai kusurwa huɗu wanda ya rufe gonar har ya yi saura, domin jeri ba ya sanin karkacewar gona. Sai ka kawo zagayayyen layin iyaka, ka haɗa shi da ɗigogin a wani ɗan akwati mai suna Point In Curve. Wannan akwati yana duba kowane ɗigo ya ba shi lamba: 0 in yana waje, 2 in yana ciki, 1 in ya hau kan layin kansa. Daga nan wani akwati, Cull Pattern, ya zubar da waɗanda ba a so ya bar sauran, ka ƙidaya su. Shi ke nan aikin a taƙaice, kuma wanda ya zauna ya mai da hankali zai iya shi a yini ɗaya.

Ina so ku san yadda na'ura take gane ciki da waje, don kada ku ɗauke shi tsafi. A 1887 wani masanin lissafi Bafaranshe, Camille Jordan, ya kafa hujjar cewa duk layin da ya zagayo ya haɗe da kansa ba tare da ya gitta jikinsa ba, yana raba shimfiɗa gida biyu rak, ciki da waje. Hanya mafi sauƙi ta gwada ɗigo kuwa kun san ta tun kuna yara. A ce an sauke ka da dare a wajen garkunan albasa na kwarin Tarka, ba ka san ko cikin garka kake ko waje ba. Ka miƙe sak ta fuska ɗaya har ka fita daji, kana ƙidaya sau nawa ka tsallake shingen wannan garka. In sau ɗaya ne, ko uku, ko biyar, daga ciki ka taso. In sau biyu ne, ko huɗu, ko ba ka tsallake ba sam, dama a waje kake. Manhajoji da yawa haka suke yi, sai dai su a cikin daƙiƙa ɗaya suna yi wa dubban ɗigo. Wanda ya fahimci wannan zai gane da kansa dalilin sharuɗɗan da manhajar take gindayawa.

Dole layin ya rufe. Shingen da yake da ɓaraka ba shi da ciki, don kana iya fita ba ka tsallake komai ba, shi ya sa akwatin yake ƙin aiki da buɗaɗɗen layi. A nan ne jarrabawa ta farko take. Ka zagaya gona da GPS na waya, ka taso daga gindin aduwa ka dawo gindinta, amma a allo farkon layin da ƙarshensa ba su haɗu ba, akwai giɓin mita bakwai ko goma. Wani lokaci ma caji ya ƙare ko ƙaya ta hana ka bin kusurwa ta ƙarshe, giɓin ya kai mita hamsin. Manhajar tana da umarnin da zai rufe shi da miƙaƙƙen layi a dannawa ɗaya. Kafin ka danna, ka tambayi kanka me ke cikin wannan giɓi a ƙasa. Iyakokin gonakinmu ba sa tafiya miƙe. Suna bin tushen gamba, da jerin aguwa, da tarin duwatsun da kakan wani ya ajiye. Miƙaƙƙen layin da ka ja zai iya yanko kusurwar gonar maƙwabci, ko ya bar wa maƙwabci ta mai gona. Giɓi ƙarami, wanda bai wuce rawar GPS ba, a rufe shi a rubuta cewa an rufe. Babba kuwa, a koma a taka shi. Haka nan inda ka tsaya gaisawa da mutane wayar tana aljihu, layin yakan yi ƙulli ya gitta kansa, ya rikita ƙidayar tsallake. Ku riƙa buɗe layin ku bi shi da ido gaɓa-gaɓa kafin ku ba shi amana.

Dole kuma layin ya kwanta a shimfiɗe, alhali ƙasar Keita da Buza tudu ce da gangare. Ana sauko da layin da ɗigogin duka kan shimfiɗa ɗaya, a tace, sannan a mayar da waɗanda suka tsira kan fuskar ƙasa. Ku dai tuna cewa faɗin da taswira take nunawa ya gaza na jikin dutse. Inda ƙasa take hawa mita 30 a cikin kowace mita 100, bambancin ya haura kashi 4 cikin ɗari.

Akwai wani tarko da ya shafi yankinmu, wanda ɗan Damagaram ko ɗan Tilaberi ba lallai ya gamu da shi ba. Tsarin ma'aunin taswira na UTM, wanda yake ba da wuri da mita maimakon digiri, ya yanka duniya shiyya-shiyya, kowace shiyya faɗin digiri 6. Shiyya ta 31 tana ƙarewa a layin digiri 6 gabas, ta 32 ta fara daga nan. To wannan layi ta tsakiyarmu ya ratsa. Garin Keita da garin Madawa suna yamma da shi, Madawa ma kaɗan ya rage ta taɓa shi, garin Buza kuwa yana gabas da shi da 'yan kilomitoci. Wuri ɗaya a kan wannan layi, in an auna shi da shiyya ta 31 lambarsa ta gabas tana wajen 824,000, in an auna da ta 32 tana wajen 176,000. Idan abokin aikinka ya ɗauko iyaka da na'urar da ta zaɓi shiyya ta 32 da kanta, kai kuma ɗigoginka suna ta 31, za su nisanci juna da fiye da kilomita 600 a allo. Tacewa za ta ba ka sifili daga sama har ƙasa, ba kuma wani jan gargaɗi da zai fito, don a wurin na'ura amsar daidai ce. Rhino ba ta san shiyya ba, lambobi kawai take gani. Maganin shi ne tun ranar farko ku zaɓi shiyya ɗaya ga aikin gaba ɗaya, ku juya komai zuwa gare ta a manhajar taswira ta QGIS kafin ku shigar, ku rubuta lambarta a sunan kowane fayil.

Sannan gona ba ta rasa abin da ba a taɓawa a cikinta: rijiya, maƙabarta, gindin gawo, hanyar da mata suke bi zuwa ɗiban ruwa. Kowannensu a zagaye shi da nasa layi, ƙa'idar ta zama: ɗigo ya kasance cikin babban layi, kuma kada ya kasance cikin ko ɗaya daga ƙananan. A nan masu koyo suke yawan tuntuɓe. In ka zuba wa Point In Curve layuka da yawa da ɗigogi da yawa a jere, ba ya gwada kowane ɗigo da kowane layi. Yana haɗa ɗigo na farko da layi na farko, na biyu da na biyu, in layukan sun ƙare ya yi ta maimaita na ƙarshe. Sakamako zai fito tsaf kamar na kirki, alhali akwai ramuka a tsakiyar maƙabarta. Akwai ɗan'uwansa mai suna Point In Curves wanda aka yi domin layuka da yawa. Ku yi amfani da shi, sannan ku shafa wa ɗigogin launi ku duba da idonku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lamba 1, ɗigon da yake kan iyaka.

Cull Pattern ba ya sanin amsa uku. Biyu ya sani, i da a'a. Sifili a wurinsa a'a ne, duk wata lamba kuma i ce. Saboda haka in ka haɗa akwatunan biyu kai tsaye, yadda kusan kowa yake yi a farkon koyo, ɗigon kan iyaka ya shige cikin na ciki ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba. Wanda ya lura zai sa sharaɗi ya ce sai mai lamba 2 kawai. Wannan gyara ne mai kyau, amma bai kai ga zuciyar matsalar ba. A wurin Rhino, "kan layi" yana nufin tazarar da ba ta wuce ɗan ƙaramin ma'aunin sassauci da aka sa wa fayil ba, sau da yawa milimita ɗaya. GPS na waya kuwa, ko a fili sarari babu gini babu itace, kuskurensa yana kaiwa wajen mita 5. Ma'ana, layin da kake gani siriri a allo, a ƙasa zirin fili ne mai faɗin mita 5 ta ciki da mita 5 ta waje, wanda ba ka da tabbacin na wa ne. Na'ura za ta raba ɗigogin wannan ziri ta ba wasu 2 ta ba wasu 0 da cikakken ƙarfin gwiwa, don ba ta san layin yana rawa ba.

Ku yi lissafin da kanku. Gona mai hekta ɗaya, mita 100 kowane gefe. Cire mita 5 daga kowane ɓangare, saura 90 sau 90, wato 8,100. Zirin shakka na ciki ya ci murabba'in mita 1,900, kashi 19 cikin ɗari na gonar, kusan rabin wata 60 daga cikin 313. Yanzu ɗauki fili mai hekta 100, kilomita ɗaya kowane gefe: zirin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Kun ga wanda abin ya fi shafa. Babban filin gwamnati ko na gari yana shanye kuskuren GPS ba a ji ba. Ƙaramar gonar talaka, ko gayaunar da aka yanka wa mace a gefen gandu, kuskuren nan yana iya cin kashi ɗaya cikin biyar nata. Wannan ne ya sa raina yake ɓaci in na ga an buga taswira mai kyau, an rubuta adadin ramuka har da ɗigon lissafi, ba a faɗi da me aka auna iyakar ba.

Ga abin da nake roƙon ku yi. Ku maido da amsa ta uku, wato ta kan iyaka, da hannunku, ku ba ta faɗinta na gaskiya. Daga layin iyaka ku fitar da layi biyu, ɗaya ya matso ciki, ɗaya ya matsa waje, gwargwadon kuskuren na'urar da kuka yi awo da ita. A na ciki ku ƙara mita 2, domin rabin wata ba ɗigo ba ne: tsakiyarsa tana iya zama cikin gona, ƙahonsa ɗaya ya leƙa ta maƙwabci, ƙasar da aka tono kuma ta ƙara masa faɗi. Duk abin da ya faɗa cikin layin ciki, a haƙa shi ba gardama. Duk abin da ya fita layin waje, a zubar. Waɗanda suka rage a tsakani a shafa musu ja, a buga su a takarda, a tafi da su gona. Can za a tsaya da mai gona da maƙwabcinsa da mai gari ko wakilinsa, a kafa turke suna gani, a ce wannan a haƙa, wancan a bari. Yini ɗaya zai ci, wani lokaci biyu. Shari'ar iyaka kuwa tana cin shekaru, tana raba zumunta, kuma kun sha jin gargaɗin malamai a kan mai cin ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ne.

Kada ku ce ai faƙo ne, ba mai so. Ba mai so ne kafin a gyara shi. A yankin Ilela da Badagishiri, da tassa ta nuna cewa faƙo yana iya ba da hatsi, mutane sun shiga sayen matacciyar ƙasa suna rayawa, kuɗinta ya tashi. Ƙasar da shekara ashirin ba wanda ya waiwaya, ranar da ciyawa ta tsiro a cikin rabin wata za ka ga magada sun fito daga ko'ina. A ranar, takardar da za a ɗauko a shimfiɗa gaban sarki ko alƙali ita ce taswirar da kai ka zana kana ɗan shekara ashirin da biyar.

Dokar ƙasa ma ba ta bar wannan magana a hannun mai kwamfuta ba. Tsarin dokar karkara na Nijar, wanda aka kafa da dokar 2 ga Maris 1993, shi ya haifar da kwamitocin filaye da ake kira COFO, daga matakin gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa ƙauye. Su suke da hurumin shaida mallaka da rajistar burtali da makiyaya da mashaya. Kafin ku ja layin wani fili, ku je wurinsu ku tambayi abin da yake rubuce. Ku kula da burtali musamman. Aikin gyaran ƙasa da rani ake yin sa, lokacin da gonaki suke a buɗe, dabbobi suna bi ta ko'ina, burtali ya saje da sauran fili, a hoton tauraron ɗan'adam ma da ƙyar a gane shi. Da damina ne yake zama hanya ɗaya tilo tsakanin shuke-shuke, wadda garkunan da suke hawa Azawak suke bi, su kuma sauko ta cikinta bayan kaka. In ka cika shi da ramuka aka shuka ciyawa aka sa mai gadi, ka toshe hanyar, shanu kuwa ba za su tsaya ba, gonar wani za su faɗa. Makiyayin da abin ya shafa sau da yawa ba ya nan ranar da ake zagaya iyaka. Ku nemi ardo ko wakilin makiyaya a kwamitin, ku tafi tare. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta jaddada haƙƙin wannan zirga-zirga, ta kuma riƙe iyakar noma ta arewa da aka shata tun 1961, iyakar da gonaki suka daɗe da ƙetarewa a wurare da dama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa layi yana iya zama a rubuce shekara sittin, ƙasa kuma tana faɗin wani abu dabam, kuma mai zane yana bukatar sanin duka biyun.

Akwai kuma iyakar da ba ta mutum ba ce, ta ruwa. Rabin wata yana rayuwa ne da ruwan da ya gangaro masa daga sama. In ka tace ɗigogi da iyakar gona kaɗai, jerin farko na sama zai karɓi ruwan dukan gangaren da ba a gyara ba, wanda ya ninka abin da aka auna masa. Ruwan farko mai ƙarfi zai fasa shi, ya fasa na ƙasansa, ya buɗe sabon kwazazzabo a inda aka zo gyara. Aikin Keita ya gane wannan, shi ya sa yake ɗaukar kwari gaba ɗaya, daga kan tudu zuwa jikin dutse zuwa fadama. Saboda haka layi biyu za ku riƙe a kowane aiki: na mallaka, wanda yake faɗa muku inda aka yarda ku haƙa, da na magudanar ruwa, wanda yake faɗa muku abin da zai sauko wa ramukan. In na biyun ya fi na farkon girma nesa, ku faɗa wa shugaban aiki tun kafin a sayi diga cewa ana bukatar jerin duwatsu ko wani abin tare ruwa a sama, kuma wannan yana nufin magana da masu filin sama. Ku kuma cire bakin ƙorama daga tacewarku, ku bar mata tazara, don tana cin gaɓarta kowace damina, layin da aka ɗauka bara ba lallai ya yi daidai bana ba.

Na san wasunku za su ce Rhino da tsada, kuma gaskiya ne, ko da yake ana ba da ita gwaji na kwana 90, ɗalibai kuma ana yi musu rangwame. Kada wannan ya tsayar da ku. QGIS kyauta ce, tana da Faransanci, tana sanin shiyyoyin taswira, kuma tana yin wannan tacewa. A cikinta za a tambaye ka irin dangantakar da kake so tsakanin ɗigo da fili: wanda yake can ciki, ko wanda ya taɓa fili ko ta yaya. Na farko yana zubar da ɗigon kan layi, na biyu yana riƙe shi. Tambaya ɗaya ce da ta ɗazu, ta canza riga. Grasshopper ta fi daɗi wajen jera ramuka a kan layin daidai mai lanƙwasa da juya bakin kowane rabin wata ya fuskanci tudu, QGIS ta fi ta sanin inda abu yake a doron ƙasa. Wanda ya iya biyun ba zai rasa aiki ba, kuma ilimin nan yana tafiya da shi duk inda ya je: jera fanel na hasken rana a rufin asibiti, raba filaye a sabuwar unguwa, shata wurin rijiyoyin garka a fadama, huda tagogin iska a bangon gini.

Abu na ƙarshe ya shafi ranar biya. A mafi yawan wuraren aiki ana sallamar mutane ne bisa yawan ramukan da suka haƙa. Lambar kwamfuta ƙiyasi ce ta kafin aiki. A ƙasa za a tarar da falalen dutse da diga ba ta shiga, da gidan tururuwa, da magaryar da ba a gani a hoto ba, mai awo da tiyo zai matsar da wasu ramuka ya soke wasu, ya ƙara wasu inda ƙasa ta ba da dama. In lambarku ta saɓa da ta mai ƙidaya a fili, kada a yanke wa matar da ta wuni tana sara faƙo haƙƙinta don allo ya ce 3,756. A sake ƙidaya a ƙasa, a biya abin da aka haƙa, ku kuma ku koma ku gyara fayil ya dace da abin da yake wurin. A jikin fayil ɗin ku rubuta ranar da aka zagaya iyaka, da na'urar da aka yi awo da ita, da shiyyar taswira, da muƙaman waɗanda suka halarta, da yawan jajayen ɗigo da yadda aka yanke a kan kowane rukuni. Ku ba kwamitin filaye na ƙauyen kwafi a takarda, mai gari ya sa hannu, ku ajiye wani a ofishin magajin gari.